Satar da aka kai komisariya, wace hanya take bi kafin ta shiga alƙaluman hukuma?

Malam Isufu, Tawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni malamin makaranta ne a garin Tawa, kuma ina cikin kwamitin da mai unguwarmu ya kafa domin duba sha'anin tsaron unguwa. Daga sallar layya zuwa yau an sace babura biyar a unguwar, har da nawa, wanda aka ɗauke a ƙofar masallaci muna sallar isha'i, na fito na tarar da kwaɗon da na sa wa ƙafar gaba a yashe a ƙasa, an yanke shi. Washegari da safe na tafi komisariya da kartigiris, wato takardar mallakar babur, a hannuna. Jami'in da ke teburin bakin ƙofa ya rubuta sunana da lokacin zuwana a wani babban littafi, sannan aka shigar da ni wurin wani wanda ya yi mini tambayoyi, ya buga bayanin, ya karanta mini, na sa hannu.

Cikin mu biyar da aka yi wa satar, mu biyu kaɗai muka je wurin hukuma. Ɗaya babur ɗinsa ba shi da takardu, ya ji tsoron kada ya je neman agaji ya jawo wa kansa tuhuma. Ɗaya ya ce wanda ya tafi ya tafi, ba zai ɓata yinin kasuwa a kan benci ba. Na biyar kuwa an gano cewa ɗan maƙwabcinsa ne ya ɗauka, aka zauna a zauren mai unguwa, aka maido da babur, magana ta mutu a nan.

Abin da ya dame ni shi ne, a ƙarshen shekara mukan ji shugabannin tsaro a rediyo suna karanta adadin laifuffukan da aka yi da na mutanen da aka kama, wani lokacin a ce sata ta ragu, alhali mu a unguwa muna ganin ta ƙaru. Ba na zargin kowa da ƙarya, fahimta nake nema. Wannan takarda da na sa wa hannu, ina take zuwa? Wane ne yake ƙirga ta, kuma a ƙarƙashin wane suna? Sannan babura ukun da ba a kai ƙara ba, akwai wata hanya da hukuma take sanin an yi su? Duk wanda ya san aikin daga ciki, ina roƙon ya warware mana.

Tsohon jami'in bincike, Yamai

Wa alaikumus salam Malam Isufu. Allah ya maida maka da mafi alheri. Na yi shekaru ina aikin binciken laifuffuka kafin in yi ritaya, kuma zan gaya maka yadda abin yake tafiya a zamanin da nake aiki, domin ginshiƙinsa yana cikin doka, ba ya sauyawa da sauyin kwamishina.

Babban littafin da ka gani a bakin ƙofa shi ne muke kira men kurant. A cikinsa ake rubuta duk abin da ya faru a komisariya dare da rana bisa jerin lokaci: wanda ya zo, abin da ya kawo shi, motar sintiri da ta fita da lokacin dawowarta, yaron da aka tsinta, faɗan da aka raba. Shaida ce cewa ka zo, amma shi kaɗai ba ya tayar da shari'a. Takarda ta biyu, wadda ka sa wa hannu, ita ce mai nauyi. Ita ce takardar bayani da muke kira pebe, kuma jami'in da doka ta ba ikon binciken shari'a, wato opeji, shi yake da alhakinta. Da yake ba ka san ɓarawon ba, ƙararka ƙara ce a kan wanda ba a sani ba, kuma doka ta yarda da irinta. Ana ba takardar lamba a littafin ƙararraki, kuma wannan lambar ce ya kamata ka riƙe, don da ita za ka bi sawun maganarka duk inda ta je.

Dokar da ta tsara wannan aiki ita ce kundin tafiyar da shari'ar laifi na watan Agustan 1961, wanda aka yi wa gyare-gyare daga baya, kuma ta wajabta wa opeji ya sanar da alƙali mai shigar da ƙara, wanda muka fi sani da purokire, laifuffukan da suka zo masa, ya kuma aika masa da takardun. Saboda haka takardarka tana da ƙofofin fita biyu. Ƙofa ta farko ta kotu ce: purokire yana duba ta, ko dai ya gurfanar da wanda ake tuhuma, ko ya miƙa wa alƙalin bincike, ko ya ajiye ta ba tare da an ci gaba ba, abin da yakan faru idan ba a gano mai laifin ba. Ƙofa ta biyu ta shugabanci ce: a ƙarshen wata mukan zauna da littattafan, mu cike jadawali, sata kaza, duka da rauni kaza, zamba kaza, waɗanda aka tsare kaza, waɗanda aka miƙa wa kotu kaza, kwamishina ya sa hannu, a aika wa ofishin 'yan sanda na jiha, shi kuma ya haɗa na komisariyoyinsa ya aika babbar hedikwata a Yamai, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Alƙaluman da kake ji a rediyo daga irin wannan jadawali suke fitowa.

Game da sunan da ake ƙirga ta da shi, a nan ne aikin yake buƙatar ilimi. Kundin hukunta laifuffuka na watan Yulin 1961 ya kasa laifi gida uku: manya, matsakaita da ƙanana, kuma kowane yana da irin kotunsa da irin hukuncinsa. Sata ba ɗaya ba ce a idon doka. Wadda aka yi da rana tsaka ba tare da tilas ba daban take da wadda aka yi da dare, ko aka fasa ƙofa, ko mutane da yawa suka haɗu, ko aka fito da makami, kuma satar dabbobi, wadda ku mutanen Adar da Azawak kuka fi kowa saninta, tana da nata sashe na musamman. Jami'in da ya ɗauki bayaninka shi yake fara sa wa laifin suna, amma purokire yana iya sauya shi, alƙali ma yana iya sake sauyawa ranar hukunci. Jadawalin komisariya kuwa ya riga ya tafi da sunan farko, kuma a zamanina ba mu komawa mu gyara shi. Shi ya sa idan ka ɗora alƙaluman 'yan sanda a kan na ma'aikatar shari'a ba za su taɓa daidaita ba, kuma rashin daidaitar ba ya nufin wani ya ɓoye wani abu.

Akwai kuma wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba. 'Yan sanda sun fi aiki a cikin birane, karkara kuwa ta jandarmomi ce, su kuma suna ƙarƙashin ma'aikatar tsaro, da nasu littattafai da nasu jadawali. Idan aka saci babur ɗinka a Tawa, jandarmomi suka kama shi a hannun wani a hanyar Ƙonni, mu mun rubuta sata, su kuma za su iya rubuta sayen kayan sata, abu ɗaya ya fito sau biyu a takardun hukumomi biyu. Idan kuma wanda ke magana a rediyo alƙaluman 'yan sanda kaɗai yake karantawa, to shanun da aka kora a Abalak ko Cintabaraden ba su cikin lissafinsa. Duk lokacin da ka ji adadi, fara tambayar na wace runduna ne, kuma na wane yanki.

Babura ukun da ba a kawo ba kuwa, gaskiya ita ce a wurinmu ba a sace su ba. Alƙalamin komisariya ba ya rubuta abin da bai shigo ta ƙofa ba.

Malama Rabi, ma'aikaciyar ƙididdiga, Yamai

Na gode wa Baba da wannan bayani, ya sauƙaƙa mini, domin ni daga inda takardunsa suka tsaya nawa aikin yake farawa. Ina so in ƙara abubuwa kaɗan, Malam Isufu, kuma na farko shi ne abin da ake ƙirgawa. Ka ɗauka ɓarayi uku sun shiga gida ɗaya da dare, sun ɗaure mai gadi, sun kwashe kayan 'yan haya huɗu. Wani zai rubuta ɗaya saboda aukuwa ɗaya ce, wani huɗu saboda masu ƙara huɗu ne, wani biyar saboda ya sa mai gadi, wani uku saboda mutum uku aka kama. Dukansu ba su yi ƙarya ba, amma idan komisariyar Tawa tana ƙirga aukuwa, ta Maraɗi tana ƙirga masu ƙara, jimillar da za a haɗa a Yamai ba ta da ma'ana. Abin da ƙasa take buƙata kafin kwamfuta da komai shi ne rubutacciyar ƙa'idar ƙirga guda ɗaya wadda kowane jami'i, ɗan sanda ko jandarma, zai bi.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Faransa, wadda tsarinmu ya samo asali daga nata, tun 1972 'yan sanda da jandarmomi suke cika jadawali guda mai suna Eta 4001, mai layuka 107, kuma a cikinsa wani layin ana ƙirga wanda aka cuta, wani ana ƙirga mota, wani ana ƙirga takardar bincike, har sai da suka kafa ofishin ƙididdiga na musamman a ma'aikatar cikin gidansu a 2014 domin ya fitar da alƙaluman bisa ƙa'idar masana. A Amurka tsarin da hukumar FBI ta riƙe tun 1930 yana ɗaukar laifi mafi girma kaɗai idan laifuffuka da yawa suka haɗu a aukuwa ɗaya, sai a farkon 2021 suka koma tsarin da yake rubuta kowane. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na Ingila da Wales, inda a 2014 masu sa ido kan aikin 'yan sanda suka gano cewa kimanin 19 cikin 100 na laifuffukan da jama'a suka kai ba a rubuta su a matsayin laifi ba, fiye da 800,000 a shekara, kuma a farkon 2014 ɗin hukumar ƙididdigarsu ta janye shaidar ingancin da take ba alƙaluman 'yan sanda. Ɗaya daga cikin dalilan da aka yi ta ambata shi ne ana auna ƙoƙarin shugabannin 'yan sanda da raguwar adadi, kuma duk wanda aka ce za a yaba masa idan lamba ta sauka, an sa shi cikin jarrabawar da bai kamata a sa ɗan Adam ba. A ganina komisariyar da take rubuta kowace ƙara, ko da adadinta ya hau, ta fi cancantar yabo.

Domin a rage wannan ruɗani ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince a 2015 da wani tsarin rarraba laifuffuka na duniya, wanda ofishinta na yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuffuka yake kula da shi. Ya kasa laifuffuka manyan rukunai 11, kuma yana bayyana kowanne da abin da aka aikata, ba da lambar ayar dokar wata ƙasa ba, ta yadda kisan kai a Nijar da kisan kai a Gana za su shiga layi ɗaya ko da dokokinsu sun bambanta.

Abu na biyu shi ne yawan jama'a. Bari in ba da misali na lissafi kawai: gari mai mutum 50,000 da aka yi sata 100 ya fi birni mai mutum miliyan ɗaya da aka yi sata 1,000 fama da ɓarayi, domin na farko yana da 200 a cikin kowane mutum 100,000, na biyu kuma 100. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Yamai ta ɗan haura mutum miliyan ɗaya, jihar Tawa ta haura miliyan uku, kuma a lokacin jama'ar ƙasar tana ƙaruwa da kusan 3.9 cikin 100 a shekara, saboda haka adadin da ya tsaya cik shekara biyar a jere, a haƙiƙa raguwa ce idan aka raba shi da yawan mutane.

Na uku ya shafi babura ukunku. Hanyar da aka sani ta gano irinsu ita ce a bi gida gida a tambayi mutane ko an yi musu sata ko an kai musu hari cikin watanni goma sha biyu da suka wuce, sannan a tambaye su ko sun kai ƙara. Amurka tana yin irin wannan bincike tun farkon shekarun 1970, Ingila tun 1982. A nan ma binciken jin ra'ayin jama'a na Afrobarometer, wanda cibiyar bincike ta LASDEL take gudanarwa a Nijar, yana tambayar mutane ko an sace musu wani abu a gida. Irin wannan aiki ne ya dace hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta riƙa yi a kai a kai, a ajiye sakamakonsa kusa da na 'yan sanda, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce take nuna yawan waɗanda suka yi shiru.

Hajiya Mariyama, Tawa

Ina yi wa kowa sallama. Bayanan sun gamsar, amma ina so in ja hankalin Baba a kan wata ƙofa da bai ambata ba, wadda na ga ƙararraki suna zubewa ta cikinta da idona. A bara aka zare wa ƙanwata salula da katin ɗan ƙasa daga jaka a cikin cunkoson kasuwa. Na raka ta wata komisariya, ta ce an yi mata sata, sai aka tambaye ta ko ta ga wanda ya ɗauka. Da ta ce ba ta gani ba, aka ce to abin da ya fi mata sauƙi shi ne takardar shaidar ɓacewa, wadda da ita za ta sake yin kati ta kuma karɓi layinta. Muka sayi tambur, aka buga hatimi, muka fito cikin rabin awa muna godiya. Sai yau da nake karanta wannan zaure na gane cewa a takarda ba a yi wa ƙanwata sata ba, ita ce ta yar da kayanta. Na tabbata jami'in taimako ya yi nufi, amma ka lissafa mata nawa ake yi wa haka a kowace ranar kasuwa.

Sannan ba na so a ɗauka cewa duk wanda bai je hukuma ba sakaci ya yi. Ina aiki da ƙungiyar mata, kuma na san abin da yake hana uwa kai maganar 'yarta da aka ci wa zarafi: tsoron bakin mutane, tsoron kada yarinyar ta rasa mijin aure, da matsin dangi idan mai laifin na gida ne. Irin waɗannan laifuffuka su suka fi kowanne ɓacewa daga lissafi, ga shi su suka fi ciwo. Ranar da muka ji cewa ƙararrakin da ake kai wa sashen kare mata da ƙananan yara sun ƙaru, kada mu yi saurin cewa duniya ta lalace, domin mai yiwuwa iyaye ne suka fara samun ƙarfin zuciyar buɗe baki.

Malam Isufu, Tawa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya na koma komisariya na nemi lambar takardata, aka duba littafi aka ba ni, na rubuta ta a bayan kartigiris. Na kuma kai wa mai unguwa shawarar kwamitinmu ya buɗe nasa littafi, mu riƙa rubuta kowace sata da ranarta da ko an kai ƙara, ya amince. Saura tambaya ɗaya gare ka, ranka ya daɗe: sulhun da aka yi a zauren mai unguwa ya halatta, kuma maƙwabcina marar takardu yana da sauran dama?

Tsohon jami'in bincike, Yamai

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma na sha ganin abin da ta kwatanta. Shaidar ɓacewa takardar mulki ce, ba ta zuwa wurin purokire kuma ba ta shiga layin sata. Wanda ya tabbata zare masa aka yi yana da ikon ya ce cikin ladabi ƙara yake so ya shigar, ko da bai ga ɓarawon ba, sannan ya nemi takardar da zai sabunta katinsa da ita.

Malam Isufu, doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta mutane a rigingimun al'ada da na dukiya da na ciniki, irin su gona da bashi da aure, amma hukunta laifi ba ya cikin ikonsu. Sata laifi ce da ta shafi al'umma, shi ya sa ko mai kaya ya yafe, purokire yana da ikon ya ci gaba idan maganar ta iso gare shi. Na fahimci dalilin da ya sa unguwa ta rufa wa yaron asiri, ni ma uba ne, sai dai ku sa masa ido, kuma idan ya sake kada ku maimaita zaman zaure.

Maƙwabcinka kuwa ya je, ko da an makara. Ya tafi da duk abin da yake da shi, rasit ɗin saye ko takardar cinikin da suka rubuta da wanda ya sayar masa, da shaidun da suka san babur ɗin a hannunsa. Mai yiwuwa a yi masa tambayoyi a kan inda ya samo shi, kuma daidai ne a yi, amma hakan ya fi masa a kama babur ɗin wata rana an aikata wani laifi da shi alhali babu inda aka rubuta cewa ya bar hannunsa. Abu mafi amfani da zai kai shi ne lambar shasi da lambar inji, domin ɓarawo yana cire lambar baya cikin minti ɗaya, ya sauya fenti cikin yini, amma waɗancan a jikin ƙarfe aka buga su. Nijar tana cikin ƙasashen farko da aka fara shirin SIPAO da su, wato rumbun bayanan 'yan sandan Afirka ta Yamma da Interpol ta ƙaddamar a 2012 da kuɗin Tarayyar Turai, kuma abubuwan hawan da aka sace suna cikin abin da aka gina shi ya riƙe. A littafin da kwamitinku zai buɗe, ku ware shafi guda, kowane mai babur a unguwar ya zo a duba ƙarƙashin kan babur ɗinsa da gefen injin, a kwafe lambobin biyu tun babur ɗin yana hannunsa.